Zanzaro A Cikin Jita

A cikin kwalejin nan tamu da wuya ka shiga ɗakin kwanan ɗalibai ba ka tarar da jita a rataye jikin bango ko a ƙarƙashin gado ba. Waɗansu na masu su ne, waɗansu na ƙungiyar waƙa. In kuwa ka tsaya da maraice ka kasa kunne, za ka ji da yawa daga cikinsu ciwonsu ɗaya ne. Mutum ya danna tsirkiya ya kaɗa, maimakon murya ta fito garau, sai ka ji wata siririyar ƙara tana biye da ita, zzz, sai ka ce zanzaro ya faɗa cikin kwalba ya rasa hanyar fita. Ni dai zanzaro na ke ce wa ƙarar nan, da sunan nan kuma zan yi ta kiranta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, na taɓa yi wa jitar ƙungiya ɓarna da hannuna garin korar zanzaron nan, na kuwa biya da kuɗin aljihuna, ba na so wani ya bi sawuna. Maganar da zan yi duka guda ce: kada ka ɗauki magagari, kada ka ɗauki makulli, sai ka san wurin da ƙarar ta ke fitowa. Wurin shi ne zai gaya maka ciwon.

Da fari bari mu shirya a kan sunaye, don kada in ce wannan ka ji wancan. Jita baƙuwa ce a wurinmu, saboda haka sai mu yi aro daga garaya da molo. Igiyoyin nan 6 su ne tsirkiyoyi, mafi siranta ita ce ta 1, mafi kauri ta 6. Itacen da ke manne a fuskar jita, inda tsirkiyoyi su ke ƙarewa, shi ne jaki, kamar yadda makaɗan garaya ke kiran nasu. A kan jakin akwai tsaga, cikin tsagar akwai wani farin ƙashi a tsaye wanda tsirkiyoyi ke hawa, wannan shi ne ƙashin jaki. Can sama kuma, inda wuya ya haɗu da kai, akwai wani farin ƙashin mai tsagogi 6, shi ne ƙashin wuya. Sa'an nan ga ƙananan ƙarafan nan da aka gicciya bisa wuya tun daga sama har kusa da ramin fuska. Su ƙarafa kawai zan ce musu, in ƙidaya su daga sama, na 1, na 2, har ƙasa.

Garaya ba ta da ƙarafan nan, molo ba shi da su, kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos ma ba shi da su. A wurinsu yatsa ne ke neman murya a jikin sanda. Har ma makaɗan garaya su kan kafa ɗan fallen ƙarfe mai zobba a kan sanda da gangan, domin ya riƙa amsawa in an kaɗa. Watau abin da mu ke kora daga jita, wani ado ya ke yi da shi. Amma jita ba don haka aka ƙera ta ba. Sa'ad da ka danna tsirkiya sai ta kwanta a kan ƙarfe guda, daga ƙarfen nan har zuwa ƙashin jaki kuwa lalle ne ta sami fili, kada kome ya taɓa ta. Tsirkiya ta 5, in ka kaɗa ta ba ka danna ba, tana kai da komowa sau 110 a daƙiƙa guda, kuma a tsakiyarta ta fi yin lilo da faɗi, kamar igiyar tsallen 'yan mata. In wani ƙarfe ya tsaya mata a hanya, ko da kaurin gashi ne, sai ta riƙa bugunsa duk sa'ad da ta wuce. Bugun nan shi ne zanzaro. Ciwon duka rashin fili ne. Abin tambaya kawai shi ne, me ya cinye filin?

Ga yadda nawa ya faru. Da aka ba mu hutun Disamba na roƙi malamin waƙa ya ba ni aron jitar ƙungiya in tafi da ita gida. Ina da dalili. A watan Janairu za mu fita gwajin koyarwa, an ba ni aji 4, cikin darussan kuwa har da waƙa. Muryata, kowa a ɗakinmu ya sani, ba ta riƙe hanya. In na fara a sama sai in ƙare a ƙasa, yara su biyo ni mu ɓace tare. Jita ce ke riƙe ni. Tun ina makarantar mishan na koyi kaɗa ta wurin wani malaminmu, amma hannu ya yi sanyi, ina bukatar makonnin hutun in sake sabawa. Malam ya yarda, ya sa na sa hannu a littafi cewa in ta lalace a wurina ni zan gyara. Jitar nan tun da aka sayo ta a Ikko ba ta taɓa barin kudu ba, lafiyarta ƙalau kuma ran da na ɗauke ta.

Garinmu yana ƙasar Pankshin, bisa duwatsu. Na isa hunturu ya riga ya kankama, leɓe na tsagewa, ƙafa na faso. Mako na fari ba kome. Cikin na biyu sai na fara jin zanzaro a tsirkiyoyi masu kauri, musamman in na danna a ƙarfe na 4. Da ma a wurin na fi yawan dannawa cikin waƙar da na ke koyo, saboda haka ban ko gwada sauran wuraren ba. Wani abokina da muka yi firamare tare ya duba ya ce, ai ƙarfe na 5 ne ya yi tsawo, a goge shi a huta. Maganar ta shiga kunnena. Na ari magagari wurin mai gyaran keke, na zauna bakin ƙofa na yi ta gurzar ƙarfen nan ta gefen masu kauri. Na danna a na 4, shiru. Murna ta kama ni. Na matsa na danna a na 5, kai! Zanzaro ya zama rina. Na ce to, ashe na 6 ma yana so.

Na ɗora magagari a kan na 6 ke nan sai ga wani tsohon kafinta, abokin mahaifina, ya shigo gaisuwa. Ya tsaya yana kallona.

Ya ce, "Kai, ɗana, dakata. Me ƙarfen nan ya yi maka?"

Na ce, "Baba, tsawo ya yi."

Ya ce, "Da ka zo da ita yana da tsawon?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To, ƙarfe na tsiro ne?"

Ban sami amsa ba. Baba bai taɓa kaɗa jita ba, amma ya shekara fiye da shekaruna yana aikin itace. Ya kama hannuna ya kai ni ƙofar ɗakin mahaifiyata, wadda da damina sai an sa kafaɗa ta ke rufuwa. Ran nan akwai tazara tsakaninta da dogari har ƙaramin yatsa na shiga. Muka komo, ya zaro rularsa ya gicciya ta bisa fuskar jita daf da jaki, ya ce in sunkuya in duba. Na ga haske na wucewa ƙarƙashin tsakiyar rular. Sa'an nan ya sa na shafa gefen wuya da yatsa, na ji bakunan ƙarafa suna kartar fata, abin da ban taɓa ji ba a kwaleji. Ya ce, "Ka gani? Itace ya bushe ya tsuke, ƙarfe yana nan yadda ya ke. Ƙishirwa ke damunta, kai kuwa kana fasa mata haƙori."

Daga baya na gane dalilin sosai. Allon fuskar jita siriri ne ƙwarai, kaurinsa wajen milimita 3, kuma masu ƙira su kan ba shi ɗan tudu kaɗan a tsakiya. Itace kuwa ko ya shekara nawa da yankewa bai daina shan danshin iska da fitar da shi ba, ya kan kumbura ya tsuke ta faɗinsa, ta tsawonsa kuwa kusan ba ya motsi. In iska ta bushe sai allon ya tsuke, tudun ya faɗa, jaki ya sauka tare da shi, tsirkiyoyi duka su matso kusa da ƙarafa. Masu ƙera jita sun fi son danshin iska ya tsaya tsakanin 45 da 55 cikin 100. A Ikko da damina ya kan wuce 80. A kan dutsenmu da rana cikin hunturu ya kan sauka ƙasa da 25. Na ɗauki jitar da ta saba da wancan na kai ta wannan, na kuwa rataye ta kusa da taga. In bushewar ta yi tsanani allon ya kan tsage, wannan kuma ya wuce maganar zanzaro.

Maganin ba shi da tsada. Muka sami gidan sabulu na roba, Baba ya huhhuda murfinsa da ƙusa, muka jiƙa soso muka matse shi har ya daina ɗiga, muka rufe shi ciki. Da ya ke jitar ba ta da akwati, sai muka sa ta cikin babbar leda tare da gidan sabulun, muka ɗaure baki, muka ajiye nesa da rana da murhu. Kowace safiya in duba soson, in ya bushe in sake jiƙawa. Kada ruwa ya taɓa itacen, kada kuma wani ya ce zai yayyafa mata ruwa don sauri, gama gam ɗin da ya riƙe ta zai saki. Itace a hankali ya bushe, a hankali kuma ya ke sha. Sai da muka yi kwana 6 kana na ga bambanci.

Ko da haka filin bai isa ba, hutu kuma yana ƙarewa. A nan ne lissafin da mu ke koya wa yara ya yi mini rana. Tsawon tsirkiyar jitar nan, daga ƙashin wuya zuwa ƙashin jaki, milimita 645 ne, ƙarfe na 12 kuwa a tsakiya ya ke. Haka ya ke a kowace jita, domin rabin tsirkiya shi ke ba da muryar nan ta asali a hawa na sama. A ƙarfe na 12 a ke auna tsayin tsirkiya, daga kan ƙarfen zuwa cikin tsirkiyar. Ga jita mai tsirkiyar ƙarfe, abin da a kan nema shi ne wajen milimita 2.4 a ta 6, da wajen 1.6 zuwa 2 a ta 1. Mai nauyin hannu ya ƙara kaɗan. Da na auna tawa bayan soso, ta 6 tana kan 2. To, tsirkiya tana kafe a ƙashin wuya, ta wajen jaki kaɗai za a ɗaga ta. In ka ɗaga ƙarshen sanda ɗaya, tsakiyarta rabin abin da ka ɗaga za ta tashi. Saboda haka mai son ƙarin rabin milimita a ƙarfe na 12, sai ya ƙara milimita 1 cur a ƙarƙashin ƙashin jaki. Ina ganin wannan misali ne mai kyau ga wanda zai koyar da alwatika masu kama da juna, yara su gani da ido.

Muka sassauta tsirkiyoyi, muka zare ƙashin jaki, gama ba a manne ya ke ba, nauyin tsirkiyoyi ne ke danne shi. Baba ya fere ɗan siririn maɗaci daidai tsawon tsagar, ya goge shi a kan samfefa har ya yi sumul, muka shimfiɗa shi ciki muka mai da ƙashin yadda ya ke fuskanta da. Kada ka cusa takarda ko kwali, suna shanye murya. In ba itace mai tauri, yanka tsohon katin banki, kaurinsa milimita 0.76 ne, zai riƙe ka kafin ka sami na kirki. Ka lura kuma kada ƙashin ya fito waje da yawa. In abin da ya rage cikin tsagar bai kai rabinsa ba zai karkata gaba, har ya iya tsaga jakin.

Zanzaro ya tafi, har a ƙarfe na 5 ya yi sauƙi. Na komo kwaleji ina jin na tsira. Amma ba a yi mako 2 ba iskar kudu ta shiga itacen, fuska ta komo da tudunta har da ƙari, tsirkiyoyi suka tashi sama, yatsuna suka yi ta ciwo, muryoyin sama kuma suka daina daidaita. Na zare maɗacin Baba, kome ya koma daidai, sai wuri ɗaya. In na danna a ƙarfe na 5, ga zanzaro nan, shi kuwa ba ƙishirwa ta kawo shi ba, ni na kawo shi. Ƙarfen da na goge ya gajarta, tsirkiya in ta kwanta kansa sai ta taɓa na 6. Ran da mai duba gwajin koyarwa ya zo, sai na zaɓi waƙar da ba ta bukatar wuce ƙarfe na 3, yara suka rera, na fita kunya. Da yamma na tafi na gaya wa malamin waƙa gaskiya. Ya dube ni ya ce, "Ka tuna littafin da ka sa wa hannu?" Na ce na tuna, Malam.

Ranar Asabar na kai ta wurin wani mai gyaran jita a Ikko. Abin da na fara lura da shi, mutumin nan ya fi minti 10 bai taɓa kayan aiki ko ɗaya ba. Ya daidaita muryoyin tsirkiyoyi tukuna, sa'an nan ya bi kowace tsirkiya, ya kaɗa ta a sake, ya danna a na 1, a na 2, har ƙasa, yana saurare. Inda ya ji ƙara sai ya rubuta a takarda. Da ya gama ya nuna mini takardar, wuri ɗaya ne kawai, ya tambaye ni wa ya yi wa ƙarfen nan aski. Da ya ga ina son sani, sai ya bar ni na zauna ina kallo har la'asar, jitoci suna shigowa yana bayani. Sauran abin da zan faɗa daga wurinsa na samo.

Ya ce kafin a zargi jita a zargi hannu. Yatsa ya kamata ya sauka daf da bayan ƙarfe. Wanda ya danna can nesa da shi, ko ya danna sako-sako, zai ji ƙara ko a jitar da ta fi kowace tsada. Haka wanda ke dukan tsirkiya kamar yana sussuka. Bayan hannu sai tsirkiyoyin kansu. Tsohuwar tsirkiya mai tsatsa, ko wadda naɗinta ya saki, ko wadda ta lanƙwashe, ba ta lilo daidai. Wanda ya sauke muryar jitarsa ƙasa da ƙa'ida, ko ya cire masu kauri ya sa sirara, ya rage ja ke nan, sako-sakon tsirkiya kuwa ta fi cin fili. Wani lokaci ma ƙarar ba daga ƙarafa ta ke ba sam. Ka dafe tsirkiyoyi da tafin hannu ka ƙwanƙwasa jikin jita da kai da bayan yatsa. In wani abu ya amsa, to kunne ne ya kwance, ko jelar tsirkiya ce ke taɓa kai, ko wani abu ya faɗa cikin rami, ko ɗaya daga cikin haƙarƙarin itacen da ke manne ta ciki ya ɓalle. Na ƙarshen nan aikin mai gyara ne, sauran kuwa sukundireba ya ishe su.

In zanzaro yana fitowa sa'ad da tsirkiya ta ke a sake, da ka danna ko'ina sai ya ɓace, laifin ƙashin wuya ne, tsagarsa ta zurfafa. Ga gwaji: danna tsirkiyar tsakanin ƙarfe na 2 da na 3, ka duba bisa na 1. Ya kamata a ga ɗan haske, ko da bai fi kaurin takarda ba. In ta kwanta a kansa, ko a sa ɗan abu ƙarƙashin ƙashin, ko a cike tsagar da garin ƙashi da ɗigon gam mai saurin kamawa a sake yanka ta, ko a fere sabo daga ƙashin saniya.

In kuwa ƙarar tana cikin ƙarafan sama, daga na 1 zuwa wajen na 5, a tsirkiyoyi da yawa, to a duba lanƙwasar wuya. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni mamaki, gama da ina tsammani wuyan jita miƙe ya ke sak kamar rula. Ashe ba haka a ke so ba. Tsirkiyoyin ƙarfe 6 in an ɗaure su suna jan wuya da nauyin da ya kai wajen kilo 70, dare da rana, suna so su tanƙwara shi kamar baka. Ɗan kaɗan daga tanƙwarar nan alheri ne, shi ke ba tsirkiya filin lilo. Domin a iya ƙayyade shi, a kan binne wata sandar ƙarfe cikin wuya mai noti a ƙarshenta. Wani ma'aikacin kamfanin Gibson a Amurka, Thaddeus McHugh, shi ya nemi rajistar dabarar nan a 1921, aka ba shi a 1923. Kamfanin Martin bai fara sa irin wadda a ke juyawa ba sai 1985, saboda haka tsohuwar jita tana iya zama ba ta da ita. Yawancin jitoci masu tsirkiyar nailan ma ba su da ita, domin jansu bai kai haka ba. Shi ya sa ba a ɗaura tsirkiyar ƙarfe a jitar nailan. Na ga wadda aka yi wa haka a shagon, jakinta ya ɗago, wuyanta ya zama kwale-kwale.

Auna lanƙwasar ba ya bukatar kayan aiki, tsirkiyar kanta ita ce rula. Ka sa abokinka ya danna ta 6 a ƙarfe na 1, kai ka danna ta a na 14, inda wuya ya shiga jiki a yawancin jitocinmu, ku duba tazarar da ke bisa ƙarfe na 7. Abin da a ke so tsakanin milimita 0.2 da 0.3 ne, watau fallen takardar rubutu 2 ko 3 a haɗe su shige da ƙyar. In babu tazara ko kaɗan, wuya ya miƙe fiye da kima ko ma ya koma baya, sai a sassauta sandar. Notin yana cikin ramin fuska ta wajen wuya, ko ƙarƙashin ɗan murfi a kai, a kan juya shi da lanƙwasasshen makullin nan mai gefe 6. In kana fuskantar notin, juyi irin na hannun agogo ɗaurewa ne, yana miƙar da wuya. Juyi saɓanin agogo sassautawa ne, yana barin tsirkiyoyi su ƙara tanƙwara shi. Ka yi alama da fensir inda ka fara. Kashi ɗaya cikin 8 na zagaye ya isa karo ɗaya, kada dai ya wuce kwata. Sa'an nan ka sake daidaita muryoyi, ka bar ta ta huta sa'o'i kaɗan, ka sake aunawa. In notin ya ƙi juyawa, ka ƙyale shi. Makullin da bai cika raminsa ba zai cinye notin, ƙarfin tsiya kuma zai karya sandar, a wajen jitocinmu masu araha kuwa kuɗin gyaran wannan ya fi kuɗin sabuwa.

Mutumin ya ja mini kunne a kan abu ɗaya. Samari da yawa sun ji labarin sandar nan, sai su ke juya ta a kan kowane ciwo. Aikinta lanƙwasar wuya ne kaɗai. In ƙarar tana can ƙasa, daga wajen ƙarfe na 10 zuwa gaba, ko tana ko'ina alhali tazarar na 7 daidai ta ke, to maganar ƙashin jaki ce ko ta bushewar fuska, irin wadda ta same ni a gida.

Saura ƙarfe guda mai tsawo, wanda abokina ya zarga. Yana faruwa, ban ce ba ya faruwa ba, sai dai ba tsiro ya ke yi ba, ɗagowa ya ke yi daga tsagarsa, sau da yawa kuwa bushewar itace ce ke sakinsa. Alamarsa ƙara a wuri ɗaya tak, gaba da shi shiru, baya da shi shiru. A tabbatar da shi da wani abu mai miƙaƙƙen baki wanda zai hau ƙarafa 3 kawai, gefen katin banki a sama inda tazara ke da faɗi, reza a ƙasa inda ta matse. In abin ya yi lilo kamar sikeli, na tsakiyan ya fi 'yan'uwansa. Sai a duba ko farce na shiga ƙarƙashinsa. In yana shiga, a tallafi wuya, a ɗora ɗan guntun itace a kan ƙarfen a ƙwanƙwasa a hankali da ƙaramar guduma ya koma gidansa. Da na yi wannan gwaji a bakin ƙofarmu, da katin ya gaya mini ƙarfe na 5 ba shi da laifi. Gogewa ita ce ta ƙarshe, kuma masu aikin ba ƙarfe ɗaya su ke bi ba. Su kan shafa wa dukansu tawada, su bi da doguwar miƙaƙƙiyar sanda mai samfefa har tawadar ta fita daidai, kana su sake zagaye kan kowane ɗaya. Abin da aka goge ba ya komowa.

Nawa sai da ya ɗumama shi, ya cire shi da ɗan hantsaki mai kaifin baki, ya buga sabo, ya daidaita shi da maƙwabtansa. Kuɗin ya cinye abin da na ajiye don sayen takalmi. Kafin in tafi na nuna masa maɗacin Baba, ya juya shi ya ce aikin mai hankali ne, amma ya fi kyau mai yawo da jita tsakanin kudu da arewa ya ajiye ƙashin jaki 2, dogo na hunturu, gajere na damina. Ya fere mini dogon, na rubuta H a gindinsa da fensir.

Yanzu jitar tana ofishin malamin waƙa cikin akwatin da ƙungiya ta saya mata. A aljihun akwatin akwai ƙashin nan mai H, da gidan sabulu mai huji, da tsohon ƙarfe na 5 naɗe cikin takarda, don malam ya ce a bar shi nan. Wanda zai tafi da ita arewa hutun nan ya jiƙa soson tun ran da ya sauka mota. Wanda kuma ke da tasa mai zanzaro ya kawo ta ɗakinmu ranar Asabar bayan abincin rana, ya zo da rula da fallen takarda 3. Magagari kuwa ya bar shi a gida.